Cikin da Hajiya Ta Zata

Wani baƙin zagaye na fara gani a jikin allon na'urar, kamar an kifa bakin kofi an zana. Ina kwance a gadon ɗaukar hoton ciki a wani asibiti a Lugbe, an shafe mini mara da man nan mai sanyi. Da na gan shi sai na yi murmushi. Shekarata biyu da aure, al'adata ta rikice, marata ta yi nauyi. Na ɗauka ɗana nake kallo.

Littattafan soyayya ne suka raine ni, irin waɗanda muke haya a bakin kasuwa muna 'yan sakandare. Don haka na riga na gama tsara yadda zan gaya wa maigidana. Zan turara ɗaki, in ɓoye takardar sakamakon a ƙarƙashin farantinsa, ya ɗaga ya gani, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Sistar da ke riƙe da na'urar 'yar Filato ce mai yawan fara'a. Sai na ga fara'ar ta ɗauke.

"Madam, ka taɓa yin sikanin kafin yau?"

"A'a. Wata nawa ne, Sista?"

"Wannan ba ciki ba ne fa. Tsaya likita ta zo."

Likitar ta zaunar da ni. Ta ce ƙari ne a jikin ma'ajiyar ƙwai ta dama, ya kusa girman lemon zaƙi. Yawancin irinsa ruwa ne kawai, yakan baje da kansa, amma nawa akwai ɗan wuri mai tauri a gefensa. Ta sa aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito ta ce ya ɗan haura, sai dai abubuwa da yawa kan sa ya haura. Ni na fara furta kalmar.

"Kansa ce?"

"Ban ce ba. Ban kuma ce ba ita ba ce. Sai an ciro an auna ake tabbatarwa."

Hanya biyu ta ba ni. Ko mu jira sati shida a sake hoto, ko a yi aiki. Idan an buɗe aka ga abin bai kwanta musu ba, za su cire ma'ajiyar gaba ɗaya, wataƙila har da ta hagun da mahaifa. Sai na sa hannu na yarda da hakan kafin a shiga da ni.

A mota na gaya wa maigidana, a tsakiyar cunkoson hanyar filin jirgi, babu turare babu faranti. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Daga baya ya ce duk wadda na zaɓa yana bayana, amma kada mahaifiyarsa ta ji tukuna, saboda hawan jininta.

Na zaɓi jira.

A satin ne mahaifiyar tasa, Hajiya, ta zo daga Kuje za ta kwana biyu. Ta ga ina ture abinci, ta ga hannuna ba ya barin marata, ta ga katin asibiti a kan firij. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari dai ta karɓe tsintsiya daga hannuna.

"Je ki zauna, 'yar nan. Ba a son yawan sunkuyo."

Kwana biyu ya zama sati, sati ya zama wata. Ta aika aka kawo mata sauran kayanta. Kullum da safe kunun tsamiya, da rana ga yalo an wanke an ajiye mini. In na wuce sai ta bi bayana da kallo tana motsa baki da addu'a.

A wurinmu cikin fari ba a faɗarsa. Suruka ba ta tambaya, mai shi ba ta sanarwa, kowa ya gane ya yi shiru. To ta yaya zan ƙaryata abin da ba wanda ya faɗa? Sau uku ina shirya maganar, sai in rasa ta inda zan kama. Akwai kuma wata gaskiyar da ban gaya wa kowa ba a lokacin: daɗi nake ji. In tana lallaɓa ni, nakan yi minti goma na manta, in dafa cikina kamar da gaske.

Sauran lokacin kuwa tsoro ne. Ina shiga wanka sai in danna gefen dama in ji ko ya ƙaru. Na riƙa duba ƙashin wuyana a madubi ko ya fito. Likita ta ce in na ji ciwo mai tsanani farat ɗaya da amai in taho da gudu, don ƙarin kan murɗe, sai ya zama ko atishawa zan yi sai na riƙe mara. A littattafan da na sani, mai ciwon ajali ƙara kyau take yi, tana kwance cikin fararen kaya ana mata kuka. A layin asibiti na ga wata mata daga Kurudu da ake wa maganin kansa, gashin girarta ya zube, faratanta sun yi baƙi, tana tofa yawu a gwangwani. Na koma can ƙarshen benci, har yau ina jin kunyar hakan.

Da sati shida ya cika aka sake hoto. Ya ƙaru. Likita ta ce jira ya ƙare, ta miƙo takardar amincewa da aikin. Na ce zan je in yi shawara. Kwana tara takardar tana cikin jakata. In na tuna matar Kurudu sai in ɗauko biro, in na tuna za a iya tashina a ce an kwashe komai sai in mayar.

Wata safiya muna tsinkar zogale, Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yau zan kira mahaifiyarki. Gara a fara maganar tafiyarki gida tun da wuri, hanyar nan ba kyau."

Goyon ciki take nufi. Za a shirya mini ɗaki a gidanmu, dangi su ji.

"Hajiya, kada ki kira ta."

"Kunyar me? Ai ba ke za ki yi maganar ba."

"Babu komai a cikin nan, Hajiya. Ciwo ne."

Hannunta ya tsaya a cikin tire. Na faɗa mata duka, kaina a ƙasa, har da abin da takardar ta ce. Na jira in ji kuka ko salati.

"Wata biyu," in ji ta. "Wata biyu kina kallona ina dama miki kunu kamar wata sakarya."

"Ki yafe ni."

"Shi wancan mai ƙaton kan ya sani?"

"Shi ya ce kada hawan jininki..."

"Hawan jinin gidansu."

Ta ture tiren gefe. Ta ce tana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda cikinta ya taɓa tasowa a ƙauye. Kowa ya yi murna a ɓoye. Wata tara ya wuce, goma, sha ɗaya, ana cewa kwantacce ne. Ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaye ta me take ji. Ranar da aka kai ta asibiti sai aka ce a mayar da ita gida, an makara.

"Ni nake mata wanki," ta ce. "Na ga abin da na gani, na yi shiru. Ga shi na so in sake."

"Hajiya, in suka cire duka fa? Ɗanki ko ɗa ɗaya..."

"Ke na sani. Jikan nan ban taɓa ganinsa ba. Ina takardar?"

A kan tabarmar da muke zaune na sa hannu. Ta kira ɗanta a ofis ta ce ya ajiye aikin gwamnati ya zo ya kai mu, zagin kuma yana nan tana ajiye masa.

Da na farfaɗo daga aikin ban iya tambaya ba, idon Sista kawai nake nema. Ta sunkuyo ta ce, "Na dama kawai aka cire. Sauran yana nan." Sai da muka ƙara sati biyu kafin sakamakon awo ya dawo, sati biyun da ko sallamar baƙo sai ta faɗar mini da gaba. Ba kansa ba ce.

Hajiya ta ƙara shekara shida a duniya. Na haifi 'ya mace a ta huɗu, amma lokacin idonta ya riga ya tafi, da tafin hannu ta san fuskar yarinyar. A Kuje ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Wurin zaman makoki wasu mata biyu da ban sani ba suka zauna kusa da ni. Ɗayar ta ce tsohuwar nan, Allah ya ji ƙanta, ba ta da kunya ko kaɗan, a gaban mutane ta taɓa tsare ta da tambayar kwanan watan al'adarta, ba ta bar ta ba sai da ta ga katin asibiti.