Kwamfutar da ba ta san rabi ba

Jama'a, yau na faɗi jarrabawa tun ban ga tambaya ba!

Kun san ajinmu na yaƙi da jahilci a Nguru. Yau aka kai mu Gashua jarrabawar ƙarshe a kwamfuta. Sai wanda ya ci za a ba satifiket, ni kuwa har firam na saya na ajiye.

Malama Falmata ta ce rabin awa za a ba mu. Ta rubuta 0.5 a gurbin awa. Na yi bismillah, na danna. Allo ya yi ja! Na haɗa baƙaƙen a hankali: "Lokaci ya ƙare." Makina sifili!

Ba Modu mai kifi, da ke gefena, ya ce, "Malama, ni fa ko tabarau ban sa ba!"

Aka sake, haka dai. Malama ta kira mai kula da na'urorin. Ya ce manhajar ba ta karɓar guntun awa, cikakkiyar lamba take mayar da shi, rabi kuma sifili take yi da shi. Ya rubuta 0.6. Sai ga awa guda cur!

Ba Modu ya ce, "Ashe gyara take so, 'yar kasuwa ce!"

Tambayar farko ta fito: "Rabin awa minti nawa ne?"

Na ɗaga hannu. "Malama, na mutane za mu rubuta ko na kwamfuta?"

Ta ce na mutane. Na rubuta talatin. Alhamdulillahi, firam dai ya samu abin rungumewa!