Wayar da Ba Ta Kira da Kunnen Tsoho

Sanarwa daga ofishin Babban Injiniyan Sauti na Ƙasa, wato ni.

Jiya ina cikin duba wata na'urar jin kiɗa da wani baƙo daga Abuja ya kawo mini nan Daura. Girmanta kamar sabulun wanka, ba sim, ba kira, amma mai ita ya ce ta fi babur tsada.

Sai ga kakana, tsohon makaɗin mahauta. Tun da jinsa ya yi rauni ya rataye kalangunsa, ya ce ba zai yi kiɗan da ba ya ji ba.

Don tsokana na roƙi mai ita, na maƙala wa tsoho abin ji a kunne, na sa masa kiɗan kalangu.

"Tsoho, riƙe, budurwarka ce ke kira."

Bai zage ni ba. Can na ga hammatarsa tana matsewa tana saki, kamar da kalangu a ciki.

Ya ce, "Ja'iri, har kukan tsarkiyar nake ji. Ashe kunnen bai mutu duka ba. Maza je ka sauko mini da nawa."

Yau da hantsi maƙwabta suka ji abin da suka daɗe ba su ji ba.

Wa kuka sani da ya ajiye sana'arsa tun lokaci bai yi ba? Ku gaya mini.

Af, babu wani Injiniya fa. Sale ne, mai cajin waya na bakin tasha, iyakar karatuna allo. Na'urar ma caji aka kawo ta.