Mama Ladi ta riga kwamfutata gano matsalar

Awa biyu ina durƙushe gaban akwatin da ke sarrafa injin cika yogot, a wani ƙaramin kamfani nan Tudun Wada, kwamfuta a cinyata. Robobi suna ta wucewa, amma ko ɗigo ba ya zuba. Oga ya ce in la'asar ta yi bai gyaru ba, kowa ya tafi gida sai an kawo sabon akwati daga Legas. Hakan na nufin za a yi mako guda babu aiki.

Sai Mama Ladi, mai jera robobi a kwali, ta matso.

"Ɗana, ban san aikinku ba, amma 'yar koriyar wutar nan ta uku takan ƙifta duk sanda roba ta wuce. Yau tun safe ba ta yi ba."

"Mama, ya aka yi kika lura?"

"Shekara tara ina tsaye a nan. Da ita nake daidaita hannuna."

Na bi wayar da ke haɗe da wutar har zuwa sensa, idon da ke ganin roba. Sukuru ne ya saki. Ashe akwatin lafiyarsa ƙalau, labari ne ba ya isa gare shi. Ina ɗaurewa, wutar ta ƙifta, yogot ya zubo.

Mata suka ɗauki shewa. Oga da kansa ya kira ta Injiniya Ladi, ita kuwa ta rufe fuska da ɗankwali tana dariya.

Ku fa, wa ya taɓa koya muku aikinku ba zato?