Maikano majemi da ƙirgin da ya fid da ɗana daga kaso

Kafin rana ta ɗaga, Maikano ya riga ya isa majemarsa ta bayan Dungas, can bakin tabki inda kuke toshe hanci ku wuce da sauri. Zai tsamo fatu daga ruwan toka, ya kankare gashi, ya daka bagaruwa, ya sake tsomawa. Shekara arba'in yana haka. Toka ta cinye masa farce, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Bana ya ce ya ajiye, gwiwa ta ƙi. Takalman ƙafarku da gugan rijiyarku duk ta hannunsa suka biyo, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya ce masa sannu da aiki ba. To ni Ɗela zan faɗa. Ban iya rubutu ba, Malam Saminu ke riƙe da alƙalami, na kuma ce masa kada ya wanke mini magana.

Da kakar bara takarkarin Isufu Yalwa ya ɓata, Isufu mai fataucin gyaɗa. Farin sa ne mai baƙin tabo a wuya. Mu ma muna da fari mai tabo, wanda ɗana Ɗayyabu ke kiwo a turke. Namu ya tsinke ya ci gyauron dawa, cikinsa ya kumbura, aka yanka shi a gona kafin ya tafi a banza. Muka shanya ƙirgin a bayan gida. Kwana biyu sai ga gardi biyu, dogaran Nasara, a ƙofata, Isufu a bayansu yana nuna fata yana rantsuwa tasa ce. Suka ɗaura wa Ɗayyabu igiya a ƙugu, suka naɗe ƙirgin, sai Magarya, inda bariki yake. Aka ce mini ɓarawon sa shekara biyu yake yi a kaso, gidan yarin Damagaram, yana fasa dutsen hanya. Ɗan nan shi kaɗai gare ni.

Na bi gida-gida neman shaida. Waɗanda suka ci naman nan har suka roƙi ƙari, kowa ya ce shi ba ya nan ranar. Sun san kansu, ni ma na san su.

Maikano ko tsoka ɗaya bai ci ba, ban kuma je wurinsa ba. Labari ya ji, ya bar fatunsa a ruwa, ya bi gardawan nan da ɗingishinsa har ya cim musu a rijiyar hanya. Ya roƙa a buɗe masa ƙirgin, ya shafa gadon bayan da hannu. Sai ya nemi izini ya yanki ɗan ƙyalle a gefen wutsiya, yanka mai karkace-karkace, a gaban gardi da masu ɗiban ruwa, ya jefa a aljihu. Wai don kada a musanya fata a hanya. Ni wannan ko a mafarki ba zai zo mini ba.

Da ya dawo ya same ni ina ɗaura zane zan tafi in ci mutuncin Isufu a ƙofar gidansa. Ya tare ƙofa.

"Yaya Ɗela, in kika zagi mutumin nan kin gama da ɗanki. Ki ba ni aron bakinki kwana goma, zan mayar miki."

Wallahi ban taɓa shan wuya irin ta kwanakin nan ba, amma na yi shiru. Shi kuwa ya hau jaki zuwa Mallawa, ya samo ƙirgin wani tsohon takarkari wanda duk garin sun san shi da dako, ya kuma lallashi Sarkin Fawan can ya biyo shi don ya shaida na wane sa ne.

Kwana goman nan sai da suka zarce wata kafin a kira mu. Ranar shari'a, kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, na zaune a barandar biro, wato ofishinsa, tafinta a tsaye, dattawa biyu a tabarma. Aka fito da Ɗayyabu, na ga yadda ya zube, saura kaɗan bakina ya ƙwace. Maikano ya fara ɗora ƙyallensa a gefen fatar, ya zauna daram, kowa ya yarda ita ce. Sannan ya durƙusa kamar wanda bai san komai ba, ya roƙi a tambayi Alhaji Isufu wane aiki sansa ke yi. Isufu ya gyara riga ya shiga fahariya, wai shekara shida san nan na ɗaukar buhunan gyaɗa, babu takarkarin da ya kai shi a ƙasar nan. Maikano ya ce don Allah a rubuta. Aka rubuta.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "gashi suka gani. Ni abin da ke ƙarƙashin gashi na sani. A ba ni kwana uku da tukunya."

Isufu ya yi tsalle, wai ana so a wanke tabon shaida. Maikano ya ce ba zai taɓa wuya ba, gadon baya kawai zai jiƙa. Nasara ya yarda. Ku zo ku ga gardi da bindiga yana gadin tukunyar toka kwana uku, ƙuda na binsa, yana tsine wa uwar fata! A nan na fara dariya tun da aka kama ɗana.

Rana ta uku aka shimfiɗa ƙirgi biyu gefe da gefe, dukansu an kankare baya. Na Mallawa, kanta ce baƙa mai kauri dama da hagun ƙashin baya, inda akumari, shimfiɗar ɗora kaya, ke zama, ga tsofaffin tabon gyambo. Namu kuwa sumul, fari tas, san da bai taɓa ɗaukar ko damin kara ba. Dattawa suka shafa. Nasara ya rufe hanci da ƙyalle ya sauko, ya dangwala da sandarsa, ya sa aka karanta wa Isufu maganarsa ta shekara shida. Nan take ya ce a saki Ɗayyabu. Da aka kwance igiyar nan na rangaɗa guɗa a ƙofar biro har doki ya zabura, gardi ya ce in fita, na ce ai na gama.

Maikano, kai ne ka yi wannan. Ba ka karanta takardar Nasara ba, ba danginmu ba ne kai, ba ka da uban gida a bariki. Kai ne ka tsaya ranar da masu manyan riguna suka shige ɗaka. Na san abin da ya biyo baya: mahautan da ke cin arzikin Isufu sun daina kawo maka fata, ka yi rani hannu sake, ba ka kuwa taɓa faɗa mini ba. Na kai maka kaza ka ce in mayar, Ɗayyabu ya fi ka bukatar romo. Gwanin bagaruwa, Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ka gama da duniya da mutuncinka.

Ku kuma sauran, ku dube shi ku ji kunya. Kowannenku na da abin da ya sani a sana'arsa wanda zai iya fid da wani daga igiya. In aka kama ɗan maƙwabci, ku fito da shi.

Amma ban gama ba. Kwana arba'in ɗana ya yi a kaso, har yau shatin igiya na ƙugunsa, har yau akwai masu janye akuyarsu in ya wuce. Ranar kasuwa mai zuwa zan koma Magarya in kai ƙarar Isufu, ba na son komai nasa, so nake ya tsaya tsakiyar kasuwar Dungas ya faɗa da bakinsa cewa Ɗayyabu ba ɓarawo ba ne. Maikano ya ce zai raka ni ko da a kan jaki za a ɗaure shi. Masu cin nama, in za ku ba da shaidar da kuka hana ni, hanya ɗaya ce, kun san inda nake tashi.