Taken Auta Mai Garma

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na tuɓe riga a wata gona a Kaboji ba, ina malamin ofis guda. Ku yaran yanzu da ke latsa waya ku ɗauki waƙa, ku gyara zama ku ji.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina ƙaramin malami a ofishin yaƙi da jahilci na En'e a Kontagora. Aikina in bi makaɗa in rubuta waƙoƙinsu da asalinsu, a buga wa masu koyon karatu. Wata damina aka aro mana akwatin ɗaukar magana daga Kaduna, da sharaɗin a mayar ƙarshen wata. Shugabana, wani Bature da muke kira Mailofe, ya ce in zaɓo makaɗi. Na ce ni dai Baba Jatau, mai gangar noma na Kaboji. Ya tsufa tukuf, 'ya'yansa sun kama wata sana'a, kuma taken manoman dauri duk a kansa suke. Take kuwa kiɗa ne da kirari na mutum ɗaya, ana gadonsa kamar gona. Ranar da Baba ya rasu, taken sun tafi ke nan.

Na kawo shi ofis, muka kunna akwati. Ya dubi bango, ya dube mu, ya ajiye ganga.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce da Hausarsa ta Bakambare, "Malam, wa zan kaɗa wa? Take kira ne. In na kira mutum sai ya amsa da garma, in ya mutu jininsa ya amsa. In kira shi a ɗaki babu mai amsawa? Na tozarta shi a kabari. Ban yi da ƙuruciya ba, ba zan yi da furfura ba."

Mailofe ya ce in nemo wani, lokaci ya ƙure. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in kai akwatin gona." Ya ce, "In ruwa ya taɓa shi, ni da kai za mu amsa tambaya a Kaduna." Amma ya sa hannu, Allah ya saka masa.

Wayyo ƙafafuna! Na bi Kumbashi da Mashegu a keke ina neman 'ya'ya da jikokin masu taken nan, wani wurin keken ne ke hawana saboda taɓo. Suka zo kuwa, Musulmi da Kirista da masu gargajiya, kowa da garmarsa a kafaɗa. Mai gari ya kira gayyar huɗa, ni da Mailofe muka kafa wa akwati rumfa a bakin gona.

Baba ya saki ganga. Da ya kira sunan mamaci sai ka ga ƙato ya yi kururuwa ya faɗa kunya, ƙasa na tashi, mata na guɗa. Haka har rana ta take. Sai ya tsaya, ya fara sassauta igiyar ganga.

Ya ce, "Saura ɗaya, kuma shi ne uban duka. Auta Mai Garma, abokina. Bai bar baya ba. A bar shi ya tafi da ni."

Na dubi manoma, kowa ya sunkuyar da kai. Ba rowa ba ce. Wanda ya amsa taken wani ya yar da na ubansa. Na ce, "Baba, ni gidanmu allo muka gada, ba mu da take. Kira shi."

Ya ce, "Ɗana, ka san in ka amsa ka amsa ke nan? Duk gayyar da aka kaɗa shi, kai za a nema."

Na ce na ji. Na tuɓe riga, na miƙa wa Mailofe hulata, ya koma kan akwati da kansa.

Kunyar da na huɗa, kada ku tambaya. Ta karkace kamar hanyar shanu, mata har suna riƙe ciki don dariya, wata tsohuwa na cewa, "Malam, a hankali, garma ba alƙalami ba ce!" Tafin hannuna ya fashe. Amma ban ɗago ba sai da Baba ya kai ƙarshen taken, yana kiɗa hawaye na bin gemunsa. Akwati ya kama shi tsaf, har da hakina.

Daga nan duk damina sai an aiko mini, ni kuwa ban taɓa ƙin zuwa ba har Baba ya rasu. Na rubuta tarihin makaɗa da yawa bayan wannan, na samu yabo, amma babu abin da nake taƙama da shi kamar wannan karkatacciyar kunya. Abin da na koya, makaɗi ba ya ba da waƙarsa ga ɗan kallo. In kuna son ya ba ku, sai kun yarda ku ɗauki nauyin da ke cikinta. A ofis sunana Malam. A Kaboji kuwa, in kun je kuna nemana, ku ce ɗan Auta.