Kaltume da Mazajen Roba

A ƙauyen Deule, idan abu yana da daraja kuma mai shi yana tsoron kada ya lalace, ɗakin Kaltume ake kai shi. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa ta, haka dai abin ya zauna tun tana da sauran ƙuruciya. Irin wake, irin gero, zanen auren 'yar wani, jakar fata ta gado, duk suna zuwa hannunta su shekara su fito lafiya lau. Matar ta tsani ruɓa. Idan ta shiga gida ta ji warin hatsin da ya sha danshi, sai ta tofar da yawu a gaban masu gidan, ko da surukanta ne.

An haife ta a Allakaye, aka kawo ta Deule gidan mijinta Habu tana 'yar siririya mai kaifin baki. Wurin kakarta ta koyi ajiya. Wake da toka ake haɗa shi, iri a zuba a tulu a liƙe bakin da laka, tufafi a sa musu ganyen bedi, wato dogonyaro, ƙwarya da fata kuwa a shafe su da man shanu. Iliminta ke nan, kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Abu ɗaya ne ba ta so a tuna mata. Kakanninta Azna ne, masu yanka a gindin dutse. Ubanta da sallarsa ya mutu, amma idan faɗa ya yi zafi a bakin rijiya ba a rasa mai jefa mata "jikar masu tsafi". Shi ya sa ta fi kowa tsare sallah a unguwar, ko kalanda mai hoton mutum ba ta ratayawa a ɗakinta.

Ɗanta na fari shi ne Nazifi. Ba ta faɗin sunansa, don uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Yaron ga" take cewa, har ya yi gemu. A ɗakin uwar Habu ya girma, can ya ci, can ya kwana, can yake kai kukansa. Tsakaninsa da Kaltume gaisuwa ce da sunkuyar da kai. Tana sonsa har cikin ƙashinta, amma ko da ya yi ƙyanda yana yaro, ta bayan zana take leƙensa. Da Habu ya rasu, sai yaron ya bi samarin yankinsu na Adar ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Libiya.

Wata shekara ya zo ganin gida. Ranar da zai koma, ya shigo ɗakinta ɗauke da kwali, ya durƙusa, ya buɗe. Kaltume ta leƙa, ta ja da baya. Mutane ne a ciki, 'yan ƙanana, tsawon tafin hannu, na roba. Ƙartin maza ne masu kumburarrun damatsa, wasu ko riga babu, wani da fuskar ƙarfe, wani shuɗi da haƙora a waje. Hannuwansu na lanƙwasawa, wuyansu na juyawa. Da ya ɗago ɗaya, sai kan ya waiwayo ya ƙura mata ido.

"A'uzubillahi! Mi na wanga?" in ji ta.

Nazifi ya ce, "Inna, ba komi ba na, roba ta. Can inda nika aiki nika samun su ɗaya-ɗaya. In na dawo gaba ɗaya, shagon aski za ni buɗe Buza, in jera su cikin gilashi. Ki aje mini su. Ba ni da wanda za ni ba in ba ke ba."

Maganar ƙarshen nan ce ta kama ta. Tun da ta haife shi bai taɓa cewa ga abin da yake so a wurinta ba. Yau ya ce, kuma abin ƙyama ya kawo. Ba ta dube shi ba, ta nuna gefen gado da haɓa ta ce, "Aje nan."

Yana fita ta fara tunanin inda za ta sa su. Ɗakinta kasuwa ne, mata na shiga suna fita, wannan ta kawo ajiya, waccan ta zo ɗauka. A ce jikar Azna ta jera gumaka a katakon jerenta, kusa da kwanonin aurenta? Kafin la'asar labarin ya kai Allakaye ya dawo. Ta juye su cikin baƙar leda, ta ƙulle tam, ta danna su a ƙasan akwatin ƙarfe, ta tura ƙarƙashin gado. Ɗakin kuwa rufin tol ne, wato kwanon rufi, wanda Nazifin da kansa ya aiko aka yi mata. Duk wanda ya san bazarar Adar ya san abin da ɗakin tol yake zama da tsakar rana.

Da bazara ta wuce ta ce bari ta duba amanar yaron. Ta rufe ƙofa, ta kwance ledar, ta sa hannu. Hannun ya manne. Mazajen sun yi gumi, wani irin danƙo ya fito musu a jiki, ga wani wari kamar an gasa takalmin roba. Ta yi saurin janye hannun. Abin da ba shi da rai, ba ya ci ba ya sha, mene ne nasa na yin gumi? Ta fita ta wanke hannu da sabulu, ta sake wankewa da toka, ranar ko tuwo da cokali ta ci shi.

Nazifi yakan bugo waya, a kawo mata ta ce, "Lahiya lau muke," ta miƙa wa wani. Da ta tambaye shi, da an huta. Amma uwa ta tsaya hira da ɗan fari? Kuma ita Kaltume, wadda duk Deule ke kawo wa ajiya, ta tambayi yaron da ta haifa yadda ake ajiya? Ta ce a ranta ai abin ba wuya ba ne. Ta ga gwiwar ɗaya daga cikin mazajen ta fara tsagewa, kuma ta san duk abin da zafi ya ci har ya fara tsagewa, mai yake so. Haka fata take, haka ƙwarya take.

Sai ta ɗebo man shanu, mai kyau, na Fulanin da ke kawo mata daga Buza. Ta rufe ƙofa da rana tsaka, ta zauna da tsumma tana shafe su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a kauce, bakinta na istigfari. Dattijuwar gwauruwa, mai tabon sallah a goshi, tana murza wa ƙaton roba mai a ƙirji! Da wani ya turo ƙofar nan a lokacin, da ƙasa ta tsage ta shige. Amma da ta gama suka yi ta ƙyalli. Ta dube su ta yi tsaki, ta ɗan ji daɗi duk da haka, ta mayar da su cikin leda.

Da ta sake buɗewa bayan girbi, abin ya fi na da muni. Man ya yi tsami, ya haɗu da danƙon ya zama wani abu mai yauƙi. Fentin ya narke. Idon ɗaya ya zamo ya sauko kan kumatunsa, jan wandon wani ya koma bayan shuɗin nan. Kiyashi sun ji warin mai sun shiga sun mutu a ciki, baƙi ƙirin, manne a hammatarsu da wuyansu.

Abin ya fi ƙarfin ta haɗiye ita kaɗai. Ta kira Asiya, ƙanwar marigayi Habu, wadda katanga ce kawai tsakaninsu. Asiya mace ce mai faran-faran, amma sakarai ce wajen ajiya. Wakenta ba ya kai sallah bai yi ƙwari ba, inda ta ajiye abu nan za ka same shi baɗi, da ƙurarsa. Ta leƙa ledar, ta toshe hanci, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yo Kaltume, mi kinka yi ma bayin Allah? Ki hiddo su waje mana, su sha iska."

"Waje ina? A gan su ɗakina?" in ji Kaltume. "Kuma ke za ki koya mini ajiya? Tahi ki duba wakenki."

Asiya ta tafi tana share hawayen dariya. Kaltume kuwa ta koma kan abin da ta sani. Abin da ya jiƙe toka yake so, abin da ƙwari suka gano liƙe shi ake yi. Ta tankaɗe toka mai laushi, ta turbuɗe mazajen a ciki, ta zuba su a tulu, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin, ta kai cikin rumbu. A nan hankalinta ya kwanta. Ba wanda zai ga liƙaƙƙen tulu a gidan Kaltume ya tambayi abin da ke ciki.

Bazara ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, sannan Nazifi ya dawo. Ya ƙara jiki, ya zo da kaya, har ya je Buza ya ga shagon da yake so kusa da tasha. Bayan an gama gaishe-gaishe ya shigo ya durƙusa ya ce, "Inna, ajiyata." Ta sa aka sauko da tulun. Ta fasa lakar da kanta, tana fatan alheri, don toka ba ta taɓa cin amanarta ba.

Warin ne ya fara fitowa, har kajin gidan suka matsa. Ta kifa tulun ta bubbuga gindinsa, sai wani dunƙule ya faɗo tim, ruwan toka, mai maiƙo, hannuwa da ƙafafu sun fito masa ta ko'ina. Toka da mai da narkakkiyar roba sun zama abu ɗaya. Nazifi ya kama wata ƙafa ya ja a hankali, ta taho ita kaɗai, da wani zare mai yauƙi yana binta. Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Da mi anka shahe su?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Man shanu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Iska kawai suka so, Inna, da inuwa. In sun yi danƙo a wanke da sabulu a bar su." Sannan ya ce, "Ba komi. Roba ta."

Ta so a ce ya ɗaga murya, ko ya yi tsaki, ta samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya naɗe dunƙulen a tsohon buhu, ya kai juji da kansa, ya dawo ya wanke hannu. Ƙyamar da ta yi ta ji shekarun nan duk ta dawo kanta. Ta dubi hannuwanta ta ji ba ta son su.

Shagon bai buɗu a shekarar ba. Kayan askin ba su cika ba, dole ya sake komawa Libiya ya ƙaro. Kaltume ta riga ta ga wani sabon kwali a ɗakinsa, ta kuma san abin da ke ciki, don ta ga kan wani mai hular ƙarfe ya leƙo. Ana gobe zai tafi, ta tashi ta sauke kwanonin aurenta daga katakon jere, kwanonin da tun zuwanta Deule ba su taɓa sauka ba. Ta goge katakon tas. Gefen taga ne, akwai iska, rana ba ta kaiwa. Ta yanke a ranta a nan za su zauna, a fili, kowa ya gani. Su ce jikar masu tsafi, su ce ta koma gidan jiya, su kai labarin har Allakaye. Za ta ɗauka.

Da safe ta zauna a bakin ƙofarta tana tsince wake. Nazifi ya fito rungume da kwalin. Ta ture faifan gefe, ta kakkaɓe zaninta. Ya wuce ta gabanta, ya bi ta ƙofar katanga, ya shiga gidan Asiya. Ta ji muryarsa daga can yana cewa, "Gwaggo, ga su nan bisa, ki bar su yadda suke." Ta ji Asiya tana dariya tana cewa ai ita ko tunawa da su ba za ta yi ba.

Ya dawo hannu wofi, ya durƙusa a gabanta, jakarsa a kafaɗa.

"Inna, za ni tahiya. Na kai ma Gwaggo Asiya kayan, don kak in sake wahal da ke."

Kaltume ta jawo faifan waken ta ɗora a cinya. Ta ce, "Ka kyauta. Allah shi tsare hanya."

An sha zaginta a bakin rijiya, ta rama, ta kwana lafiya. Wannan da aka yi mata a durƙushe, cikin ladabi, ba ta san inda za ta kai shi ba.