Takardun da Suka Koma Asibiti

A tsakiyar shekarun casa'in na yi aiki a wani ƙaramin ofishin kwamfuta a unguwar Doka, saman shagon teloli. Mu biyu ke rubuta manhaja, ni da wani dattijo Bakatsine da nake kira Malam. Shi ya ƙirƙiro mana ɗan yarenmu na kwamfuta don ƙananan asibitoci. A yaren, asibiti abu ne mai kayansa, a cikinsa akwai ɗaki, a cikin ɗaki akwai majinyaci, kowanne da sunansa da adireshinsa.

Sashena shi ne gane wanda ake nufi. In an rubuta "adireshi", na wa? Ƙa'idar Malam gajeriya ce: a duba jikin majinyacin, a duba abin da ya gada daga ajinsa, wato rukunin da aka sa shi, in babu, na'ura ta tsaya ta yi ƙorafi. Kada ta leƙa waje.

Ma'aikatan kati na wani asibiti da muka yi wa aiki sun tsani wannan tsayawar. Duk majinyacin da aka bar gurbin adireshinsa babu komai, sai na'ura ta ƙi gaba, dole a bi mutum har bakin ƙofa a tambaye shi. Kullum sai sun bugo mini waya. Makon da Malam ya tafi gida sunan jikarsa, na sauya layi uku a manhajar: in babu a majinyaci a duba ɗaki, in babu a ɗaki a duba asibiti. Waya ta yi shiru. Na ji daɗi, ban kuma faɗa masa ba.

Bayan wata biyar likitan asibitin ya hawo benenmu da kansa, riƙe da damin ambulan ɗaure da roba. Takardun kiran majinyata ne su dawo karɓar sakamakon gwaji. Duk wanda ba shi da adireshi, na'ura ta buga masa na asibitin, masinja kuwa ya ga ba inda zai kai, ya yi ta zuba su a durowa. Ɗaya ta wata mai waina ce a Badarawa. An ce mata ta koma gida za a aiko, ta yi ta jira. Da aka ɗauko ta daga baya, ciwon ya wuce aiki. Ta rasu shekaranjiya, in ji likitan.

Malam ya sa tabarau ya karanta sashena a hankali. Sannan ya ce wa likitan, "Yarena ne, laifina ne."

Da likitan ya sauka na ce, "Malam, ni ce."

"Na sani, ɗiyata. Na ga hannunki."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Doka na ba ki, ban gaya miki dalilinta ba. Da kin sani ba za ki taɓa ta ba. Jawo kujera mu gyara."

Mun gyara kafin la'asar, amma asibitin ya janye aikinsa, mai ofishinmu kuma ya sallami Malam. Na je na faɗa wa mai ofis gaskiya. Ya ce ya riga ya yanke, kuma ba zai rasa mutum biyu ba.

Ranar sadakar bakwai na nemi gidan matar. Layi uku ne tsakaninsa da gidanmu. 'Yarta ta kawo mini ruwa ta ce, "Hajiya, ban gane ki ba." Na ce maƙwabciya ce. Na yi addu'a na fito da sauri.

Washegari na raka Malam tashar Kawo. Ya miƙo mini littafin da ya rubuta ƙa'idojin yaren da hannunsa, ya ce in gai da maigidana. Motar ta cika ta tashi. Bayan shekara biyu wani direba ɗan garinsu ya gaya mini Allah ya yi masa rasuwa tun kafin azumi.